Wasiƙa Zuwa Ga Auta: Abin Da Ƙasa Ta Adana Ba Ganima Ba Ne

Unguwar Sarki,
Kaduna.

Zuwa ga ƙanena Auta,

Ina fata kana nan lafiya, kai da maiɗakinka da yara da sauran abokan arziki na Kachia. Mu nan gida kowa lafiya, sai godiyar Allah. Inna tana samun sauƙin ciwon ƙafar, har ta koma fita tsakar gida da kanta, kuma kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka zo.

Dalilin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne maganar da ka kawo mini a waya, wadda na ce ka ba ni lokaci. Ban so in amsa maka a tsaitsaye ba, domin magana ce mai nauyi, kuma na fi son ka samu abin da za ka zauna ka karanta a natse, ka sake karantawa. Ka ce wani manomi da kake sayen citta a hannunsa, can wajen Kagarko, yana cikin noma garmarsa ta ci karo da kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Ka ce wani baƙo ya samu labari, ya yi alkawarin kuɗi masu kauri idan an kai masa shi, an kuma nuna masa wurin domin a ci gaba da tono. Kai ne za ka shiga tsakani, la'adarka kuma za ta biya rabin bashin da ke wuyanka. Ka rufe da cewa rabo ne ya rantse, ganima ce Allah ya kawo har gida.

Auta, amsata ita ce kada ka sa hannunka a wannan ciniki, ko da nuna hanya ne kawai. Ba umarnin yaya kawai nake ba ka ba, zan faɗa maka dalilaina ɗaya bayan ɗaya, kai ma ka auna.

Da farko ina so ka san cewa ban raina halin da kake ciki ba. Na san abin da cutar citta ta yi muku a daminar 2023, lokacin da gonaki suka ruɓe a Kachia da Kagarko da Jaba, manoman da ka ba kuɗin taki da iri suka tashi hannu rabbana, kai kuma masu jari suka tsaya maka a wuya. Mutumin da bashi ya hana barci, duk ƙofar da ya gani a buɗe gani yake ta rahama ce. Shi ya sa masu irin wannan fatauci suke zuwa a irin wannan lokaci. Sun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sun kuma san baƙo ba ya gane gonar da abin yake sai ɗan gari ya kai shi.

Ka san ko mene ne manomin nan ya tono? Ka tuna gidan adana kayan tarihi da ke kan titin Ali Akilu, nan unguwarmu, wanda muke wucewa ta gabansa muna yara idan za mu Masallacin Sultan Bello? Ginin nan a da ofishin jam'iyyar NPC ne ta su Sardauna, daga baya aka mayar da shi gidan tarihi, aka buɗe shi a 1975. A cikinsa akwai 'yan'uwan wannan kai da kake magana a kansa. In ka dube su za ka ga idanunsu masu kusurwa uku, da huda a ƙwayar idon, da kitso iri-iri da aka tsara da gwaninta, da duwatsun ado a wuya da hannu. Ba cushe suke ba, cikinsu rami ne, domin an gina su ne da zaren yumɓu hawa-hawa yadda ake ginin tukunya, sannan aka gasa su. Masana suna kiran su da sunan Nok, wani ƙauye a ƙasar Ham, cikin ƙaramar hukumar Jaba ta jiharmu.

A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da irinsu kusa da wannan ƙauye. A 1943 kuma aka samu wani kai a wajen Jama'a, wani ma'aikacin kuza ya kai shi gonar doyarsa ya kafa a matsayin mutum-mutumin tsoratar da dabbobi, har labari ya kai kunnen wani Bature mai suna Bernard Fagg. Shi ne ya lura cewa wannan kai da na Nok hannu iri ɗaya ne ya yi su, ya shiga bin ma'aikatan kuza yana roƙonsu su daina fasa abin da suka tono. Da abin da ya tara aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Daga baya, a Taruga kusa da Abuja, ya tono wuraren narka tama, aka gane cewa mutanen nan sun san ƙarfe ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Waɗannan mutum-mutumi suna cikin mafi daɗewa da aka sani a duk Afirka kudu da Sahara. Abin da ke gonar abokin cinikinka ya haura shekara 2,000 a kwance a wurin, kuma ya girmi ganuwar Kano da ta Zazzau nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da yawancin mutane ba su sani ba, kuma shi ne zuciyar maganata. Darajar wannan kai ba a jikinsa kaɗai take ba, rabinta tana cikin ramin da yake kwance. Tun 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da malaman jami'o'inmu, suka yi shekaru suna bincike a yankin nan naku, musamman wajen Janjala a ƙasar Kagarko. Aikinsu ba ɗauke kai a gudu ba ne. Suna kankare ƙasa a hankali, suna auna zurfin kowane tsingaro, suna tace ƙasar su tsince gawayi da ƙonannen hatsi. Daga wannan gawayi ake gane shekarun wuri. Da haka suka gano cewa mutanen Nok sun fara zama a yankin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, sun fara ginin mutum-mutumin bayan wasu ɗaruruwan shekaru. Suka gano cewa gero suke nomawa da wake, suna cin atili. A 2021 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa tukwanensu, aka tarar da alamar kakin zuma a jikin da yawa daga ciki, shaida cewa shekara 3,500 da suka wuce ana shan zuma a ƙasar nan. Ka duba, Auta: gero da wake da atili da zuma, abincin da har gobe ake sayarwa a kasuwar da kake zama. Babu ɗaya daga cikin wannan ilimi da za a samu daga kan da aka fizge aka naɗe a buhu. Mai tonon dare yana watsar da gawayin, ya farfasa tukwanen, ya cakuɗa ƙasar sama da ta ƙasa, ya ɗauki abin da zai sayu. Kamar mutum ne ya yage wurin sa hannun shaidu daga takardar cinikin gona: takardar tana nan, amma ba ta ƙara tabbatar da komai a gaban alƙali.

A shekarun da na yi ina koyar da Turanci na sha cin karo da wata kalma da Turawan ma ba su cika furta ta a hira ba, sai a rubutun lauyoyi da masana tarihi, wato spoliate. Daga Latin ta fito, daga spolium, fatar da aka feɗe daga jikin dabba, da kuma kayan yaƙin da ake tuɓe wa wanda aka kayar a fagen fama. Ba a faɗin ta a kan ɓarawon akuya ko mai yankan aljihu. Ana faɗin ta ne inda aka wawashe gari ko wurin ibada ko dukiyar wata al'umma aka bar su tsirara. Shi ya sa kwamitin da Birtaniya ta kafa a 2000, domin duba koke-koken waɗanda 'yan Nazi suka ƙwace wa kayan fasaha tsakanin 1933 da 1945, yake ɗauke da wannan kalma a sunansa. Lauyoyi kuma suna amfani da ita a kan wanda ya lalata hujja ko ya ɓoye ta don kada kotu ta gani. Na kawo maka ita ne saboda ta haɗa laifuka biyun da ake so ka taya aikatawa: kwashe dukiyar jama'a, da shafe shaidar da ke nuna su wane ne suka zauna a ƙasar nan kafin mu.

Wannan ɓarna ba yau ta fara ba. A tsakiyar shekarun 1990 tono ya zama sana'a a kudancin Kaduna da kewayen Abuja. Samari suka bar gona suka koma haƙa, tsaunuka suka cika da ramuka, kaya suka riƙa fita ta Kwatano da Lome zuwa Brussels da Paris. Masanan Jamus da suka zo daga baya sun tarar mafi yawan wuraren da aka kai su an riga an birkice su. Abin bai tsaya nan ba. An yi irin wannan wasoso a kan mutum-mutumin yumɓu na ƙasar Katsina da na Sakkwato, da na Kwatarkwashi a Zamfara, aka kwashe su tun kafin masana su samu damar tona wuraren yadda ya kamata, har yau ba mu da cikakken bayanin waɗanda suka yi su. A Nijar ma haka aka yi wa kayan Bura. Da abin ya yi ƙamari, a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, ta sa na Nok da Katsina da Sakkwato da Bura a ciki, ta gargaɗi kowa kada ya saya.

Ka tambayi kanka, a duk waɗannan shekaru, wane ƙauye ne ya yi arziki da tonon? Wace makaranta aka gina, wace rijiya aka haƙa? Manomi yana karɓar abin da ba zai kai shi wata damina ba, ɗan tsakiya irinka ya karɓi ɗan abin da ya ɗara haka, babban dillali a Turai ya sayar da ninkin-ba-ninkin. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnatin Faransa da kanta ta sayi mutum-mutumin Nok biyu da na Sakkwato ɗaya daga hannun wani dillali a Beljiyam, aka baje biyu daga cikinsu a gidan tarihi na Louvre a 2000. Da surutu ya yi yawa, a 2002 aka ƙulla yarjejeniya cewa mallakar Nijeriya ne, amma za su zauna a Paris a matsayin aro na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa. Ka ga yadda abin yake: da zarar kaya ya tsallake iyaka, ko an yarda naka ne, sai ka nemi biza kafin ka gan shi. Ɗan makarantar firamare na Kwoi ko Kubacha, wanda a gonar kakansa aka tono abin, ba zai taɓa sa shi a ido ba.

Akwai kuma haɗarin da ke kanka kai tsaye. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya ba tare da izinin hukumar ba, ta hana tono ba da izini ba, ta hana fitar da su waje, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci abu ya sanar. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 tun 1972, saboda haka kwastan na ƙasashe da dama suna kama irin wannan kaya, kuma Amurka da Faransa duk sun taɓa maido mana da na Nok da suka kama. Ranar da aka tare buhun a hanya, baƙon nan zai kashe wayarsa, sunanka ne manomi zai ambata. Ga shi kuma kasuwar cike take da jabu da algus, ana haɗa kan wani da gangar jikin wani a liƙe, har ya zama mai saye yana iya juyowa ya ce ka cuce shi. Sannan ka san yadda dazukan Kagarko suke a yanzu. A Fabrairun 2017 an sace Farfesa Breunig da abokin aikinsa a Janjala, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu don ceto su. Idan labari ya bazu cewa kana yawo da kaya na miliyoyi, ba dillalai kaɗai za su ji ba.

Yanzu mu zo kan kalmar da ka yi amfani da ita, wadda ita ce ta fi damuna. Ka ce ganima. Auta, ni da kai allo ɗaya muka wanke, a gaban malami ɗaya. Ganima a shari'a ba abin da hannu ya kai gare shi ba ne. Dukiya ce da aka samu a yaƙin da shugaba ya jagoranta bisa ƙa'ida, a tattara ta wuri ɗaya, a fitar da humusi, sannan a raba a fili. Wanda ya soke wani abu a riga kafin rabo, malamai suna kiran aikinsa gulul, kuma Suratu Ali Imrana ta yi gargaɗin cewa zai zo da abin a ranar alƙiyama. Ka tuna labarin mutumin da aka kashe a dawowa daga Haibara, sahabbai suna yi masa murnar shahada, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka kafin rabo yana ci masa da wuta. Idan haka hukuncin yake a kan mayafi ɗaya daga dukiyar da mutum yake da kaso a ciki, ina ga abin da yake na al'umma ne gaba ɗaya, har da waɗanda ba a haifa ba? A tarihinmu ma, wajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas, saboda ya ga zukatan mutane sun karkata ga tara dukiya da mulki. Kanawa suka tsayar da shi, a nan ya rubuta Diya'ul Hukkam don ya nuna yadda ake riƙon amanar jama'a. Mutumin da ya ga ganimar gaske da idonsa ke nan, ya kuma ji tsoron abin da kwaɗayinta ke yi wa zuciya.

Na san za ka ce ai abin a ƙasa aka same shi, kuma akwai hukuncin rikazi, dukiyar mutanen da da aka binne, wadda mai tsintuwa yake fitar da ɗaya bisa biyar ya riƙe saura. Ka kai wannan tambaya gaban malamin da ka amince da shi, amma ka gaya masa gaskiyar duka: cewa hukuma ta hana cinikin saboda maslahar jama'a, cewa sai an bi ta ɓarauniyar hanya da cin hanci kafin kayan ya fita, cewa za a rusa wurin da ilimi yake kwance. Na san kuma wasu za su ce maka gunki ne, gara a rabu da shi. To, idan gunki ne, hadisi ya haramta cinikin gumaka, kuɗinsa ba su halatta gare ka ba. Idan kuwa kayan tarihi ne, da babu mai yi masa sujada a yau, to amana ce ta jama'a, ba naka ba ne balle ka sayar. Ta kowace fuska ka ɓullo, la'adar nan ba ta da tsarki. Alƙur'ani kuwa a wurare da dama ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Wanda ya share sawunsu ya hana na baya wannan dubawa.

Ka kuma tuna yadda muke fushi idan aka ambaci Benin. A Fabrairun 1897 sojan Birtaniya suka ci birnin, suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa daga fada, aka kai Oba Ovonramwen gudun hijira Kalaba. An daɗe ana roƙo, sai bayan fiye da shekara 120 abu ya fara motsi sosai. A Oktoban 2021 wata kwaleji a Jami'ar Cambridge ta maido da zakaran tagulla, Jami'ar Aberdeen ta maido da kan wani Oba. A Yulin 2022 Jamus ta sa hannu ta miƙa wa Nijeriya mallakar kaya fiye da 1,100, a 2025 Holan ta maido da 119. Gidan tarihi na Birtaniya kuwa har yanzu yana riƙe da wajen 900. Babbar hujjar masu ƙin maidowa ita ce wai ba mu iya riƙon kayanmu ba, in an ba mu sayarwa za mu yi. Duk kan Nok da ɗan ƙasa ya miƙa wa dillali, ƙarfi yake ƙara wa wannan hujja. Na Benin da bindiga aka ƙwace, masu shi suka mutu suna kare shi. Na Nok da hannunmu muke miƙawa, kuma wannan ya fi ciwo.

Tushen ciwon kuwa ɗaya ne da abin da muka gani da idonmu a garin nan. A Oktoban 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a kudancin birnin Kaduna suna neman kayan tallafin korona, har aka sa dokar hana fita ta awa 24. Cikin abin da aka kwasa har da magungunan da hukumar NAFDAC ta kama ta ajiye saboda sun lalace ko an haramta su, gwamnati ta shiga shela kada a sha. A ranar 1 ga Agustan 2024 kuma aka wawashe cibiyar koyar da fasahar zamani ta hukumar NCC a Kano ana gab da buɗe ta, cibiyar da 'ya'yan talakawa ne za su fi amfana da ita. Ban manta da yunwar da ta fito da mutane titi ba, ban kuma wanke manyan da suka fara nuna wa na ƙasa cewa baitulmali abin wawaso ne ba. Laifinsu ya fi girma, kuma Allah zai tambaye su. Amma tunanin iri ɗaya ne daga sama har ƙasa: abin da yake na kowa da kowa, ba na kowa ba ne, wanda ya riga kai hannu shi ke da shi. Da wannan tunani ake kwance wayar lantarki, ake cire murfin kwalbati, ake sayar da filin makaranta. Baba, Allah ya jiƙansa, bai rene mu a kan haka ba, kuma ba na so 'ya'yanka su ji cewa da irin wannan kuɗi aka biya musu makaranta.

Za ka iya cewa in an kai wa hukuma ma ɓacewa zai yi. Tsoronka yana da tushe, domin a shekarun 1980 da 1990 an yi sace-sace a wasu gidajen tarihi na ƙasar nan, kuma har yau ba a ba fannin kuɗin da ya kamata. Amma maganin wannan shi ne a yi abin a fili, gaban shaidu. Ga shawarata. Ka koma wurin manomin nan ka gaya masa ya daina tono, ya bar ramin yadda yake, ya rufe shi da ƙasa. Kada ya wanke kan, kada ya kankare shi, ya naɗe shi a tsumma ya ajiye inda ba danshi. Ku ɗauki hotonsa ta kowane gefe da hoton wurin. Ku sanar da mai unguwa da hakimi, domin idan sarauta ta sani, baƙo ba zai shigo da 'yan tono da dare ba. Sannan ka zo nan mu tafi tare gidan tarihi na titin Ali Akilu mu ba da rahoto a rubuce, mu karɓi takardar shaida da sunan manomin da sunan ƙauyensa a jiki. Za mu kuma aika wa sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kwafe, domin abin da idanu da yawa suka gani yana da wuyar salwanta. Ba zan yi wa manomin alkawarin kuɗi ba, don ba a hannuna suke ba. Abin da na sani shi ne idan masana suka zo aiki, mutanen gari suke ɗauka haƙa da gadi, kuma gonarsa za ta tsira daga zama ramuka da ba za ta ƙara nomuwa ba.

Shi kuma baƙon, ka gaya masa a taƙaice cewa an riga an sanar da hukuma. Ba sai ka yi faɗa da shi ba, da kansa zai janye.

Batun bashi kuma, ba zan hana ka wannan hanya in bar ka a rana ba. Na yi magana da Yaya Babba, mun amince za mu haɗa abin da ya sawwaƙa daga kuɗin sallamata da na hayar shagon Baba, mu rage maka nauyin, saura kuma mu je tare wurin masu jari mu nemi su ƙara maka lokaci zuwa kakar citta mai zuwa. Mutane ne masu mutunci, kuma sun san ba sakacinka ne ya jawo asarar ba. Abin da ɗan'uwa zai iya ke nan, kuma da zuciya ɗaya muka yi. Ka rubuto mini adadin da ake bin ka da sunayen masu bin, kada ka ɓoye komai don jin nauyi.

Idan za ka zo, ka taho da yaran. Ina so in kai su gidan tarihin nan su ga abin da mutanen ƙasarsu suka gina da hannu tun kafin a san Ingila da sunanta, su ji daga bakin ma'aikatan wurin. Yaron da ya ga abin da idonsa, aka gaya masa nasa ne, da wuya ya girma ya sayar da shi.

Ka gaida maiɗakinka da yara, ka gaida maƙwabtanka da suka karɓe mu hannu bibbiyu lokacin suna. Inna tana sa maka albarka, matata da yara suna gaishe ka. Ina roƙonka don girman Allah da darajar iyayenmu, kada ka karɓi ko sisi daga hannun mutumin nan, kuma ka kira ni da zarar ka gama karanta wannan wasiƙa. Allah ya warware maka, ya ba ka halal mai albarka, ya tsare mu daga cin amanar jama'a.

Wassalam.

Ni ne yayanka mai ƙaunarka,
daga Unguwar Sarki.